Darasi na 9: Mai Duba Itatuwa Shi Kaɗai a Daji

Itace ma yana ciwo. Gara tana cin sa daga ciki, kauci yana shanye ruwan kaɗanya da ɗorawa, ƙwari suna lalata ganye. A farkon shekarun 1990 dogon yaro ya yi ta zubar da ganye a Nijar da arewacin Najeriya, sai ka ga reshe tsirara da ɗan tukku a ƙarshensa. Yanzu kuma ga shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda Najeriya ta kafa wa hukuma a 2015, ana dashe a jihohi 11 na bakin hamada, daga Kebbi har Borno. Malamin daji ba zai iya leƙa kowane itace ba. Shi ya sa ake neman mutanen gari su riƙa zagawa don Allah, suna rubuta abin da suka gani. Sau da yawa mutum shi kaɗai yake fita. Wannan darasi nasa ne.

Takardar da za ka bari a gida

Ga amfanin karatun da muke yi. Kafin ka fita, ɗauki takarda ka rubuta inda za ka, hanyar da za ka bi, da lokacin dawowarka. Misali:

"Na tafi layin dogon yaro na gabas da gari, ta hanyar tsohuwar rijiya. Zan dawo kafin azahar."

Ka miƙa ta hannu da hannu, kada ka ajiye a kan tabarma. Ka ce, "Uwargida, in an kira azahar ban shigo ba, ki buga mini waya. In ban ɗauka ba, ki aika wa Yaya, su biyo hanyar rijiya." Kalmar "daji" ita kaɗai ba ta isa ba, don daji yana da faɗi. Mutumin da ya karye a ƙafa, in an san gindin da yake, awa ɗaya ta isa a ɗauko shi. In ba a sani ba, yana iya kwana a can.

Abin da ka rubuta kuma shi za ka bi. In ka ce gabas, kada wata kuka ta ja ka yamma. Waya tana da amfani, a cika ta da caji, amma kada a dogara da ita. Wurare da yawa babu sabis.

Wa ya san da zuwanka?

Je ka gaida mai unguwa. "Ranka ya daɗe, gobe zan shiga duba itatuwa." In akwai ruga kusa, a sanar da ardo. Dalili kuwa, baƙon mutum da littafi da biro, yana ɗaukar hoto da waya a cikin daji, a wannan zamani ana iya ɗaukar sa infoma. Ka kula da bakinka ma. Aikinka na sa-kai ne, gaskiya, amma a Zamfara da Katsina da Sakkwato "ɗan sa-kai" yana nufin mai ɗaukar makami yana farautar ɓarayin daji. Kada ka kira kanka haka. Ka ce kai mai duba itatuwa ne.

Dajin da aka san akwai 'yan bindiga, kamar Rugu ko Kamuku, ba wurin wannan aiki ba ne, ko da rakiya. In ka ga sawun babura da yawa inda ba hanya, ko hayaƙin da ba ka san na wane ne ba, juya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ido a sama, maciji a ƙasa

A nan ne haɗarin aikin yake. Manomi ƙasa yake kallo. Mai duba itace kuwa kansa a ɗage yake, yana neman busasshen reshe, ƙafarsa tana tafiya ba jagora. Kububuwa ba ta da girma, ba ta cika kaiwa tsawon hannu ba, kuma launinta ɗaya da busasshen ganye. Kasa ita ma ba ta gudu, kwanciyarta take yi har a taka ta.

Saboda haka a raba aikin biyu. In kana tafiya, dubi ƙasa. In za ka dubi sama, tsaya cak. Da ka iso gindin itace, fara motsa ganyen da sanda, ka zagaya shi, sannan ka ɗaga kai. Silifas ba takalmin daji ba ne. Sa takalmin roba mai tsawo, irin na masu noman shinkafa, da dogon wando. Kogon itace da ramin suri, sanda ce take shiga, ba hannu ba. Haka ma in za ka ɗaga ɓawo don duba gara, kunama tana son wurin.

In tsautsayi ya sa an sare ka, abin da muka gada ba shi ne daidai ba. Kada ka ɗaure wurin da igiya, kada ka tsaga da reza, kada a tsotsa. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, tsagawa kuwa buɗe masa ƙofa ce. Cire zobe da agogo kafin kumburi, kada ka yi gudu, ka rage motsa gaɓar, ka kira a zo da babur. Asibiti za a nufa kai tsaye, ko da kana jin garau, don jinin yana iya ɓallewa daga baya, ta dasashi ko cikin fitsari. A can za a zuba jininka a kwalba a jira minti 20. In bai daskare ba, sai a yi maka allurar kashe dafi. A Kaltungo ta jihar Gombe akwai asibiti musamman na saran maciji. Kumurci kuma tofi yake yi. In ya same ka a ido, wanke da ruwa mai yawa nan take, ko da na gorarka ne duka, sannan a tafi asibiti.

Sauran

Saurara kafin ka matsa kusa da kuka ko gawo. In ka ji gunjin zuma, bar wannan itacen. In sun taso, rufe fuska da rawani ka gudu. Itacen da ya bushe a tsaye, daga nesa ake rubuta shi, balle in ana iska. Da damina, in hadari ya taso, gindin dogon itace shi ne wurin da aradu ta fi faɗawa, sai ka kama hanyar gida. Da bazara kuwa, fita bayan asuba, ka gama kafin rana ta take, da ruwa a jarka. Jiri da ciwon kai suna cewa ne ka nemi inuwa ka sha ruwa. Hawa itace ba ya cikin aikinka. Abin da ido bai kai ba, a bar wa malamin daji.

Aikin gida

Rubuta takardar fita taka, da sunan wuri na gaske a garinku. Karanta wa wani a gida, ka tambaye shi ko da ita zai iya samo ka. In ya ce a'a, sake rubutawa. A ƙasanta sa sunan asibitin da ya fi kusa da ku mai allurar dafin maciji. In ba ka sani ba, tambayi malamin asibitin garinku kafin darasi mai zuwa.