Yadda na sa kwamfresar masana'anta ta yi aiki da wutar gida

Kwamfresar da na saya, wato injin matse iska a tanki, ta hannu ce, motonta kilowat 2.2, mai cin wuta layi uku. Ni kuwa layi ɗaya ke shigowa gidana, volt 230. Da farko na gwada dabarar haɗa kafasita, ƙaramar na'ura mai ajiye caji, don ta maye gurbin layin da babu. Ta juya, amma da tanki ya ɗauki iska sai moton ya yi ta gurnani, ya ɗau zafi, bireka ta faɗi. Ba mamaki, don irin wannan moto yakan ja wuta ninki shida ko bakwai lokacin tashi.

Abin da ya raba gardama shi ne na'urar VFD, mai karɓar layi ɗaya ta fitar da uku. Sai dai volt 230 take fitarwa, ba 400 na wutar layi uku ta masana'anta ba, don haka na duba farantin jikin moton, na ga 230/400, na kashe wuta na sauya haɗin wayoyinsa daga sita (haɗin volt 400) zuwa delta (haɗin volt 230). Na saita tashi a hankali cikin daƙiƙa biyar, fitilun gida suka daina lumshewa.

Inda na kusa yin ɓarna shi ne makunnin matsin iska, mai kashe moto in tanki ya cika. Na so in bar shi tsakanin VFD da moto, alhali yanke wuta a nan na iya ƙona na'urar. Na mayar da shi kan wayoyin ba ta umarni. Da na kunna, fankar moton ta juya baibai, na musanya biyu daga wayoyin moton, ta daidaita.