Darasi na Tara: Atamfar Araha da Masaƙun da Suka Rufe

Kafin mu fara karatun yau, duk wadda ta ɗauro zanen atamfa ta juyo bakinsa ta duba. Akwai ɗan rubutu a gefe. Ku haɗa baƙaƙen a hankali, ku karanta. A ina aka yi ta? Wani lokaci ma rubutun ƙarya yake yi: sunan kamfanin gida ne a jiki, alhali a ƙasar Sin aka buga ta, aka kwaikwayi zanen da tambarin duka.

Kakuri da jiniya

A shekarar 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, wadda aka fi sani da KTL, a unguwar Kakuri. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta kafa ta, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila. Bayanta masaƙar United Nigerian Textiles, wato UNTL, ta zo a 1964, sannan Arewa Textiles da wasu. A Kano ma masaƙu suka cika Bompai da Sharaɗa da Challawa. Audugar kuwa ta gida ce, daga Funtuwa da Gusau da Malumfashi da Gombe. Manomi ya tsinka, injin gurza ya cire angurya, a kaɗa zare, a saƙa, a buga zane, turmi ya isa Kantin Kwari. Zuwa shekarun 1980, a duk masana'antun Nijeriya babu ɓangaren da ya kai masaƙu yawan ma'aikata.

Wanda ya zauna Kakuri a lokacin ba ya buƙatar agogo. Da jiniya ta kaɗa, masu aikin dare su fito, na safe su shiga, kekuna su cika titi. A bakin ƙofa mai koko da ƙosai tana jira, ga mai shayi, ga mai facin keke. Ƙarshen wata mai gidan haya ya karɓi nasa, tela ya karɓi nasa. Albashin mutum ɗaya kan ɗora tukunya a gida fiye da ɗaya.

KTL ta rufe a 2002. UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Na san wani dattijo da ya yi shekara ashirin da ɗoriya a kan injin saƙa a ɗaya daga cikin masaƙun nan. Yanzu rake yake yankawa a bakin tasha. Katin aikinsa yana nan cikin gwangwani a ƙarƙashin gado, ya ƙi jefarwa. Duk lokacin da na tuna da gwangwanin nan raina yakan ɓaci.

Mene ne buɗaɗɗen ciniki?

Buɗaɗɗen ciniki shi ne ƙasa ta bar kaya su shigo su fita ba shinge: ba hani, ba kuɗin fito mai nauyi. Kuɗin fito shi ne harajin da kwastam ke karɓa a kan kayan waje. Idan aka ce dunƙulewar duniya kuma, ana nufin yadda kaya da kuɗi da labari suke yawo tsakanin ƙasashe kamar kasuwa ɗaya.

Mu ba baƙin ciniki mai nisa ba ne. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar da rinannen tufafin Kano yana kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Saboda haka ba a kan ko a yi ciniki da waje ake gardama ba. A kan sharaɗi ake yi.

Wanda ya fi kafa hujjar buɗe ƙofa shi ne David Ricardo, wani masanin tattalin arziki na Ingila, a 1817. Bari mu kawo maganarsa gida. A ce malamin asibitin garinku ya iya ɗinki, har ya fi telan garin sauri. Duk da haka gara ya tsaya ga duba marasa lafiya, ya biya tela ya ɗinka masa riga, domin lokacinsa ya fi tsada a asibiti. Shi ya ci riba, tela ya ci riba. Ricardo ya ce haka ƙasashe ma: Ingila ta yi tufafi, Fotugal ta yi giyar inabi, su yi musanye. Hujjar tana da ƙarfi, kada mu raina ta. Matar da da can sai da Sallah take ganin sabon zane, yau tana da uku. Wannan amfani ne na gaske.

Inda maganar ta karkace

Lissafin Ricardo ya ɗauka cewa wanda ya rasa aiki a nan zai samu wani a can. Dattijon da na faɗa muku bai samu ba. Mutumin da ya kai shekara hamsin, wanda hannunsa bai san komai ba sai injin saƙa, wane sabon aiki ke jiransa? Arahar ta bazu a kan mutane da yawa, kowa ya samu ɗan kaɗan. Asarar kuwa ta taru a kan unguwa ɗaya, ta danne ta.

Sannan akwai abin da ya fi wannan zurfi. Idan aka ce kowa ya tsaya a kan abin da ya fi iyawa yau, mai noman auduga zai mutu yana noman auduga. Ya sayar da ita ɗanya da araha, ta dawo masa atamfa da tsada, ribar kaɗi da saƙa da rini ta zauna a ƙasar wasu. Tun 1950 masana biyu, Raul Prebisch da Hans Singer, suka nuna cewa in aka ɗauki dogon zamani, farashin ɗanyen kaya yakan yi ta raguwa idan aka gwada shi da na kayan masana'anta. Iya saƙa kuwa ba a haifar ƙasa da shi. Koyo ake yi, kuma da rarrafe yaro kan tashi. Sabuwar masaƙa ba za ta iya kokawa da wadda ta shekara ɗari tana aiki ba, sai an tare mata na ɗan lokaci.

Su waɗanda ke koya mana buɗe ƙofa, haka suka yi a gidansu? A 1700 majalisar Ingila ta hana shigo da yadin Indiya mai zane, a 1721 ta hana sayar da yawancinsa da sa shi, don ta kare masaƙan gida. Sai da masana'antunta suka fi na kowa ƙarfi, a tsakiyar ƙarni na 19, ta rungumi buɗaɗɗen ciniki. Amurka ma tun 1791 sakataren kuɗinta Alexander Hamilton ya ba da shawarar a kare ƙananan masana'antu, kuma ta yi shekaru da dama tana ɗora kuɗin fito mai nauyi a kan kayan waje. Friedrich List na Jamus ya kwatanta abin a 1841 da mutumin da ya hau sama da tsani, sannan ya ture tsanin don kada wani ya biyo shi.

Mu namu tsanin an janye shi ne daki-daki. A 1986 gwamnatin Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki da ake kira SAP bisa tsarin Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF: aka karya darajar naira, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga. Nijeriya ta shiga Hukumar Ciniki ta Duniya, WTO, a 1995. Sin ta shiga a 2001. A farkon 2005 aka soke ƙa'idar da ta taƙaita yawan tufafin da ƙasa za ta iya kai wa manyan kasuwanni.

Manomin auduga bai tsira ba. A kakar 2001 zuwa 2002 Amurka ta ba manoman audugarta, su kimanin 25,000, tallafin da ya haura dala biliyan 3. Auduga ta yi yawa a kasuwar duniya, farashi ya faɗi. A 2003 Benin da Burkina Faso da Mali da Cadi suka haɗa kai suka kai kukansu taron WTO a Kankun ta ƙasar Meziko. Burazil ce mai ƙarfin shari'a, ta kai ƙarar Amurka gaban WTO ta yi nasara, a 2014 Amurka ta biya ta dala miliyan 300 aka rufe magana. Manomin Cadi bai ga ko sisi ba.

Namu laifin

Zan yi muku rashin adalci in na ɗora komai a kan baƙi. Masaƙa ba ta aiki sai da wutar lantarki da baƙin mai, mu kuwa ba mu tsayar da ko ɗaya ba. Injuna sun tsufa ba a sabunta ba. An sha hana shigo da atamfa a takarda, amma tana sauka a Kwatano, ta bi ta Maraɗi, ta shigo da dare a motocin 'yan fasa-ƙwauri, da sanin wasu masu kaki. Kun kuma ga abin da ya faru da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020: buhun shinkafa ya yi tsada, talaka ya ji a jikinsa. Koriya ta Kudu ta kare kamfanoninta, amma da sharaɗi: kamfanin da ya kasa sayar da kayansa a waje, tallafinsa ya yanke. Mu mun yi kariya ba wa'adi, ba bincike, ba wuta.

Aikin yau

Ku rubuta waɗannan kalmomi sau uku a littafinku: masaƙa, auduga, kuɗin fito, tallafi, fasa-ƙwauri.

Lissafi: a ce turmin gida naira 12,000 ne, na waje kuma naira 9,000. Nawa mai saye ta rage? Idan kwastam ta ɗora kashi 20 cikin 100 a kan na waje, nawa ya koma? Har yanzu wanne ya fi araha?

Ku kasu gida biyu. Rabi su tsaya a matsayin uwar 'ya'ya biyar da za ta yi musu ɗinkin Sallah, rabi su tsaya a matsayin ma'aikacin masaƙa. Kowane ɓangare ya faɗi abin da yake so gwamnati ta yi.

Kafin darasi na gaba, kowa ya sami wani babba a unguwarsa ya tambaye shi wace sana'a ce ta ɓace a garin nan, da abin da masu ita suka koma yi. Ku rubuta amsarsa cikin jimla biyar, ku zo da ita.