Yadda ake karanta iska da zaɓen harsashi a gasar harbin nesa

A filin wasan harbi na Bisley da ke Ingila, inda ake gasa tun 1890, abin da zai fara ɗaukar hankalinka shi ne tutoci. An jera su a kan dogayen sanduna tun daga inda maharba ke kwanciya har zuwa allon saiti, kuma tsofaffin hannu sun fi zuba musu ido fiye da allon kansa. A tazarar yadi 1,000, wato kimanin mita 914, harsashi yakan yi wajen daƙiƙa ɗaya da rabi a sama kafin ya isa, iska kuwa tana ta aikinta a kansa duk tsawon wannan lokaci.

Mataki na farko, ka san rukunin da za ka shiga kafin ka kashe kuɗinka. A gasar F-Class, wadda ta samo sunanta daga wani ɗan Kanada, George Farquharson, rukunin F-TR bai yarda da kowane harsashi ba sai nau'in .308 Winchester da .223 Remington. Rukunin F-Open ne ke da sassauci. Duk wannan a filin da hukuma ta amince da shi ake yi, da bindiga mai lasisi.

Na biyu, zaɓen harsashi. Sabon shiga yakan ɗauka cewa mai gudu shi ne gwani. Ba haka abin yake ba. Abin dubawa shi ne yadda harsashin ke riƙe gudunsa, wanda kamfanoni ke rubutawa da haruffan BC: dogo, siriri, mai tsini da ɗan nauyi ya fi ratsa iska, kuma gwargwadon yadda ya rage saurin gajiya a hanya, gwargwadon yadda iskar gefe za ta kasa karkatar da shi. Ɗauki .308, wanda ya fito a 1952. Idan iska mai gudun mil 10 a awa ta buge shi daga gefe, a yadi 1,000 takan kauce da shi wajen inci 100, kusan mita biyu da rabi. Shi kuwa 6.5 Creedmoor da kamfanin Hornady ya fitar a 2007, kaucewarsa takan tsaya wajen inci 70 zuwa 75, kuma bai kai .308 dukan kafaɗa ba. Sai dai ya fi saurin cinye bututun bindiga. A ganina, mai koyo bai yi asara ba idan ya fara da .308, don ba ya rufa wa kowa asiri, ko yaya ka yi kuskure sai allo ya tona.

Da ka zaɓa, ka tsaya a kan iri ɗaya, in da hali ma ƙirar lokaci ɗaya, ka auna gudunsa da na'ura ka rubuta a littafi.

Mataki na uku shi ne gane inda iska ta fito, a nan kuma aikin yake. Ka ɗauka kana kwance a tsakiyar agogo, allo yana ƙarfe 12. Iskar da ta zo daga ƙarfe 3 ko 9 ita ce mai cikakken ƙarfi. Ta ƙarfe 1, 5, 7 ko 11 rabi ake lissafa mata. Wadda ta zo daga gaba ko baya sak ba ta cika kai harsashi gefe ba, amma ita ce mayaudariya: ta ɗan karkata dama, kafin ka ja kunama ta koma hagu.

Na huɗu, ƙiyasta gudunta. 'Yar na'urar aunawa irin Kestrel tana da amfani, amma labarin inda kake kwance kawai take ba ka. Sauran hanyar sai ido. Idan iska ta fara taɓa fuska, mil 3 zuwa 5 ke nan. Ganye na kaɗawa ba tsayawa, 5 zuwa 8. Ƙura ta fara tashi, 8 zuwa 12. Sannan ga kawalwalniya, irin wadda muke gani tana rawa a kan kwalta da tsakar rana a watan Afirilu. Ka saita madubin hangen nesa a kan allo, ka ɗan dawo da shi baya har allon ya dushe, za ka ga zafi yana tashi. In yana tafasa sama tsaye, babu iskar gefe a daidai lokacin. In ya jirkice, ta fara motsi. In ya kwanta yana gudu kamar ruwan rafi, ta yi ƙarfi, kuma da ta wuce wajen mil 12 kawalwalniya ta daina faɗa maka komai, sai ka koma ga tutoci.

Me ya sa ake wannan wahala? Da'irar maki 10 a allon F-Class na yadi 1,000 irin na Amurka faɗinta inci 10 ne kacal, ta tsakiya inci 5. Da .308, kuskuren mil ɗaya a ƙiyasi ya isa ya matsar da harsashi wajen inci 10. Ka fita ke nan.

Na biyar, gyaran saiti. Iska daga dama tana tura harsashi hagu, don haka dama za ka gyara, ko ta murɗa ma'aunin madubi ko ta matsar da saiti. Ana lissafi da MOA, wani ma'aunin kusurwa, wanda ɗaya ya ɗan haura inci 10 a wannan tazara.

Na ƙarshe, kafin a fara ka yi minti biyar kana kallo ba tare da ka taɓa bindiga ba. Ka gano yanayin da iska ta fi yawan komawa, ka yi harbin gwaji a cikinsa, ka ci gaba da harbi muddin yana nan. Da tutoci sun canza, ka ɗage yatsa ka jira. Kada ka riƙa bin ramin harbin baya kana gyara, domin iskar da ta kai shi can ta riga ta wuce. Bayan kowane harbi, rubuta abin da ka ƙiyasta, abin da ka murɗa, da inda harsashin ya faɗa.