Yadda Ake Gano Dalilin Yankewar Intanet Idan An Mayar da Rauta Mashigar Wi-Fi

A gida mai faɗi ko ofis mai bene, rauta ɗaya ba ta cika kai sigina kowane ɗaki ba, musamman inda bangon bulo yake da kauri. Shi ya sa mutane suke ɗauko tsohuwar rauta, su ja mata waya daga babbar rautar da intanet yake shigowa ta cikinta, su bar ta tana watsa Wi-Fi kawai a ɗaya ɓangaren ginin. Dabara ce mai arha, sai dai ana yawan kukan cewa intanet yana zuwa yana ɗaukewa alhali alamar Wi-Fi a cike take, kuma galibi laifin yakan faɗa kan kamfanin sadarwa ba tare da an bincika ba.

Kafin ka taɓa kowane saiti, fara gano inda yankewar take faruwa, domin hanyar tana da gaɓoɓi uku: daga na'urarka zuwa rauta ta biyu, daga rauta ta biyu zuwa babbar, sannan daga babbar zuwa waje. A kwamfuta mai Windows, buɗe tagar cmd, wato baƙar tagar rubuta wa kwamfuta umarni, guda uku. A ta farko ka rubuta ping, wato umarnin da yake aika saƙo ga wani adireshi ya jira amsa, da adireshin rauta ta biyu ka ƙara -t a ƙarshe, a ta biyu ka yi haka da adireshin babbar rauta, misali ping 192.168.1.1 -t, a ta uku kuma ka sa 8.8.8.8, wanda adireshi ne na Google. Ka bar su suna tafiya har sai intanet ya ɗauke. Idan duka ukun suka daina samun amsa, matsalar tana ga Wi-Fi ko rauta ta biyu. Idan ta farko tana amsawa amma sauran biyun sun tsaya, ka tuhumi waya ko rikicin adireshi. Idan kuwa ta uku kaɗai ta tsaya, matsalar daga waje take, kuma taɓa rauta ta biyu ɓata lokaci ne.

A ganina babban mai laifi a irin wannan haɗi shi ne DHCP, wato tsarin da yake raba wa kowace waya da kwamfuta adireshin IP tare da gaya mata ƙofar da za ta bi ta fita intanet. Kowace rauta tana fitowa daga kamfani da wannan tsari a kunne, don haka idan aka haɗa biyu ba a kashe na ɗaya ba, an sami limamai biyu a masallaci ɗaya. Na'urar da ta nemi adireshi takan karɓi amsar da ta fara isowa, kuma idan amsar ta fito daga rauta ta biyu, za ta ce ita ce ƙofar fita, alhali ba ta da hanyar zuwa ko'ina. Abin da yake sa matsalar ta yi wuyar kamawa shi ne adireshin aro ne na wani wa'adi, sa'o'i biyu a wasu rautoci, sa'o'i 24 a wasu, saboda haka na'ura tana iya yin aiki lafiya da safe ta rikice da yamma. Ɗauke wuta yana ƙara dagula lamarin, domin idan aka dawo da wuta ko aka tada janareta, rauta ta biyu takan riga babbar gama tashi, sai ta raba wa duk wayoyin gidan adireshin da ba zai kai su ko'ina ba. Don tabbatarwa, rubuta ipconfig a lokacin da intanet ya ɗauke ka duba layin Default Gateway, wato ƙofar fita. Idan ba adireshin babbar rauta ba ne a wurin, ka kama ɓarawo. Idan kuma adireshin kwamfutarka ya fara da 169.254, ma'anarsa ba ta sami wanda zai ba ta adireshi ba sam.

Gyaran yana bukatar a bi shi daki-daki. Cire wayar da ta haɗa rautocin biyu, ka haɗa kwamfutarka da rauta ta biyu ita kaɗai, ka shiga shafin saitinta ta burauza. Fara da canza adireshinta zuwa wanda yake gida ɗaya da na babbar rauta amma ba iri ɗaya ba: idan babbar tana 192.168.1.1, ba ta 192.168.1.2, idan kuma babbar irin ta Huawei ce mai layin waya wadda take 192.168.8.1, ba ta 192.168.8.2. Rautoci da yawa suna fitowa da adireshi iri ɗaya, kuma na'urori biyu masu adireshi ɗaya su ma suna jawo yankewa. Ka tabbata lambar da ka zaɓa ba ta cikin jerin da babbar rauta take rabawa, wanda a rautoci da yawa yakan fara daga 100. Bayan haka sai ka kashe DHCP, ka adana saitin, ka mayar da wayar daga ramin LAN na babbar zuwa ramin LAN na ta biyu, ka bar ramin WAN na ta biyu, wato na shigowar intanet, babu komai. Sababbin rautoci, kamar na TP-Link da Asus, suna da zaɓin Access Point Mode wanda yake yin wannan aiki da kansa, kuma shi ya fi dacewa idan akwai shi. Ka kuma gargaɗi mutanen gida game da ɗan maɓallin nan na Reset, domin duk wanda ya soka masa tsinke ya mayar da DHCP a kunne, aikinka kuma ya koma baya.

Idan saiti ya daidaita amma yankewar ba ta daina ba, koma kan waya. Kebul na Ethernet bai kamata ya wuce mita 100 ba, kuma yana ɗauke da siraran wayoyi takwas waɗanda dole ne dukansu su zauna daidai a kan da aka matse idan ana son gudun gigabit. Kasuwa cike take da kebul na alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, mai saurin karyewa idan an lanƙwasa shi ko rana ta dake shi. Ka lura da fitilar ramin LAN. Idan tana mutuwa tana dawowa yayin da ka girgiza kan wayar, a sake matse kan. Gwaji mafi sauƙi shi ne ka kawo rauta ta biyu kusa da babbar, ka haɗa su da gajeriyar waya sabuwa na yini ɗaya. Kada kuma a taɓa haɗa rautocin da waya biyu, domin saƙonni za su yi ta zagaye har komai ya tsaya.

Ta ɓangaren Wi-Fi kuwa, a zangon 2.4 GHz tashoshi uku ne kaɗai ba sa shiga juna, wato 1 da 6 da 11. Ba babbar rauta ɗaya daga ciki, ka ba ta biyun wata daban, ka tsayar da faɗin tashar a 20 MHz. Idan ka sa musu suna ɗaya, to kalmar sirri da nau'in tsaro, misali WPA2, su ma su zama iri ɗaya. Yayin bincike ya fi kyau ka ba su suna daban-daban na 'yan kwanaki, don ka san wadda wayarka take kai lokacin da ta yanke.

Saura wuta da zafi. Rautar da take sake tashi da kanta, ka ga fitilunta sun mutu sun dawo kuma sunan Wi-Fi ya ɓace na kusan minti ɗaya, yawanci adaftarta ce ta gaji ko kuma an sa mata wadda ba tata ba. Duba takardar da ke manne a ƙasan rautar, inda aka rubuta 9V ko 12V da adadin amfiya, ka samo adafta mai ƙarfin lantarki daidai da wannan, amfiyarta kuma kada ta gaza abin da aka rubuta. Ka sauke rautar daga cikin silin ko kusa da kwano, inda zafin watan Afrilu yake dafa ta, ka ajiye ta a inda iska take ratsawa.