Yadda zaka haɗa ƴar eriyar talabijin da gwangwani

Ni dai a nan Ƙofar Marusa ta Katsina na haɗa tawa kuma wallahi tana kamawa. Ka fara samo faffaɗan gwangwani ko guntun kwanon rufi, ka yanka guda biyu masu kusurwa uku, tsawon kowanne kamar santimita 13. Lissafin kuwa, tashoshin UHF, wato rukunin tashoshin talabijin da irin wannan eriya ke kamawa, suna wajen megahaz 600 ne (ma'aunin mitar sigina kenan), ka raba 300 da 600 ya baka rabin mita, wato tsawon zangon siginar, kwatansa (kashi ɗaya cikin huɗu) shine wannan tsawon.

Kar ka yanka su sirara dan Allah, faɗin nan shine sirrin, shi ke sa eriya ta kama tashoshi da yawa maimakon guda ɗaya, nima da farko siririyar waya na sa na sha wahala hoto sai yankewa yake.

Sai ka kafa su a jikin katako, tsini na kallon tsini, ka bar tazarar santimita ɗaya kar su taɓa juna. Ɗauko wayar dish, zaren tsakiya a ɗaure da noti jikin ɗaya, ragar waje jikin ɗayan. Naɗe mahaɗar da salatif saboda damina.

Ɗaga ta saman gora, kana juyawa a hankali wani na duba hoton a ɗaki.