Kurakuran da aka fi yi wajen fassara layin ƙaruwar jama'a

A ƙidayar 1991 an samu kusan mutum miliyan 89 a Najeriya, a ta 2006 kuma miliyan 140 da 'yan kai. An ƙaru da miliyan 51 cikin shekara 15 ke nan, wato miliyan 3.4 duk shekara. Idan t na nufin shekarun da suka wuce tun 1991, P kuma yawan jama'a a miliyoyi, miƙaƙƙen layin da ke nuna ƙaruwar a jadawali shi ne P = 89 + 3.4t. Lambar 3.4 ita ce gangarar layin, wato yawan hawansa a kowace shekara, 89 kuma ita ce mahaɗarsa da layin y, wato layin tsaye na jadawalin da ke nuna yawan jama'a.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ce jama'a na ƙaruwa da kashi 3.4 cikin ɗari. Gangara tana ƙidaya mutane ne, kuma adadinsu ba ya canzawa daga shekara zuwa shekara. Gwada ka gani: miliyan 3.4 a kan miliyan 89 ta kai kashi 3.8, a kan miliyan 140 kuwa ta sauko zuwa 2.4. Maganinsa shi ne ka rubuta amsa da cikakkiyar jimla: "ana ƙaruwa da mutum miliyan 3.4 a kowace shekara." Wanda ya rubuta 3.4 kawai ya yi rabin aiki. Wasu kuma kan kifa rabon, su raba 15 da 51. Mutane ne a sama, shekaru a ƙasa.

Mahaɗa ita ce yawan jama'a lokacin da t take sifili, a nan 1991. Don haka ba a sa shekarar kanta a gurbin t. Sa 2006 maimakon 15, sai lissafi ya ba ka sama da miliyan 6,900, fiye da mutanen duniya baki ɗaya a wancan lokacin. Ka fara cire 1991 tukuna.

Haka idan ka bai wa manhajar lissafi ta Excel shekarun yadda suke, zai fito maka da mahaɗa wajen −6,700. Kwamfutar ba ta yi kuskure ba. Ta ja layin ne baya har shekara ta sifili, inda lambar ba ta da wata ma'ana.

Na ƙarshe ya fi ɓoyuwa: jan layin nesa da shekarun da aka gina shi a kansu. Koma 1963, t ta zama −28, layin ya ba da −6.2, alhali ƙidayar wannan shekarar ta nuna sama da miliyan 55. Waɗanda aka haifa su ma suna girma su haihu, shi ya sa ƙaruwar ke lanƙwasa sama. Layin nan ya dace da kimanta shekara kamar 1999, inda t take 8, P kuma miliyan 116.2.