Yadda Ake Shiga da Tsohon Babur Birtaniya Idan Za a Ƙaura Daga Najeriya

Wanda ya samu aiki a Birtaniya kuma yake shirin kwashe iyalinsa ya koma can da zama, yakan tsaya yana jinjina abin da zai ɗauka da abin da zai bari, kuma idan yana da babur da ya saba da shi, rabuwa da shi takan yi masa wuya. Dokar ƙasar ta yarda mutum ya shigo da babur ɗinsa, har ma ta yafe masa haraji idan ya cika wasu sharuɗɗa. Sai dai kusan duk sharuɗɗan a kan takarda suke, kuma yawancin takardun a gida ake haɗa su, watanni kafin babur ya ga tashar jirgin ruwa.

Tun da fari sai ka zauna ka yi lissafi na gaskiya. Idan abin da kake da shi Bajaj Boxer ne, ko TVS, ko Jincheng, ko Haojue irin waɗanda suka cika titunan Kano da Katsina, shawarata ita ce ka sayar da shi ko ka bar wa wani ƙani, domin kuɗin akwati da na jirgi da ladan ejan da kuɗin gwaji za su haura darajar babur ɗin, kuma ranar da wani abu ya lalace a injinsa ba za ka samu kayan gyaransa a kusa ba. Wanda kwalliya za ta biya wa kuɗin sabulu shi ne mai babban babur mai tsada, kamar BMW ko manyan Honda da Yamaha da Kawasaki, ko kuma wanda ya gaji wani tsohon babur da ba ya son ya fita daga hannun zuri'arsu. Da irin waɗannan nake magana a nan.

Yafiyar harajin ita ce ginshiƙin al'amarin, saboda haka a kanta zan fi daɗewa. Hukumar haraji da kwastam ta Birtaniya, wato HMRC, tana da sassauci na musamman ga wanda ya ɗauke mazauninsa gaba ɗaya daga wata ƙasa zuwa can, kuma ana nemansa ne ta intanet da fom mai suna ToR1. Sharaɗi na farko shi ne ka kasance ka zauna a wajen Birtaniya aƙalla wata 12 a jere. Na biyu, babur ɗin ya kasance a hannunka kana amfani da shi aƙalla wata 6 kafin ka ƙaura. Na uku, ya shiga ƙasar cikin wata 12 daga ranar da ka fara zama. Bayan ya shiga kuma, ba ka da damar sayar da shi, ko ba da aronsa, ko ba da hayarsa, ko jinginar da shi, sai ya cika wata 12, in ba haka ba harajin da aka yafe zai dawo kanka. Sassaucin na kayan amfanin kai ne, bai shafi abin hawa na kasuwanci ba.

Sharaɗin wata 6 ɗin nan shi ne yake kayar da mutanenmu, kuma dalilin a bayyane yake. A wurinmu mutum yakan sayi babur a hannun dillali, a miƙa masa makulli da rasit mai ɗauke da sunan wanda ya fara saye, a yi musabaha a rabu, ya yi shekara uku yana hawa ba tare da sunansa ya shiga ko takarda ɗaya ba. A unguwa kowa ya san babur ɗinka ne, amma jami'in da zai duba fom ɗinka bai san unguwarku ba, kuma abin da ke rubuce kawai zai karanta. Saboda haka da zarar maganar tafiya ta fara ƙarfi, ka je ofishin rajistar ababen hawa na jiharku ka mayar da takardar mallaka da lasin babur zuwa sunanka, ka sabunta inshora da sunanka, ka ajiye yarjejeniyar ciniki mai kwanan wata da sa hannun shaidu. Sunan da ke kan waɗannan takardu ya zo daidai da wanda ke cikin fasfo, harafi da harafi, domin Muhammad da Mohammed suna iya zama mutum biyu a idon wanda bai san mu ba. Ba a fafa gora ranar tafiya, kuma wanda ya sauya takardu saura wata biyu ya tashi ya riga ya raunana hujjarsa da hannunsa.

Sai ka durƙusa ka karanta lambar shasi da ke buge a wuyan babur, wadda a baburan zamani take da haruffa da lambobi 17, ka gwada ta da abin da aka rubuta a kowace takarda, haka ma lambar inji. Kuskuren harafi ɗaya da magatakarda ya yi shekarun baya ya isa ya tsayar da rajista a can. Idan kuwa lambar ta nuna alamar an goge ta an sake bugawa, ko tsatsa ta cinye wani ɓangarenta, to ka haƙura da tafiya da wannan babur. Hukumar rajista ta Birtaniya, DVLA, idan ta yi shakkar asalin abin hawa ko shekarunsa takan ba shi lamba mai farawa da harafin Q, kuma mai irin wannan lamba yana shan wahala wajen inshora da wajen sayarwa.

Ka cike ToR1 kafin a ɗora babur a jirgi. Za a nemi hoton fasfonka, da shaidar adireshin da kake zaune a Najeriya, da shaidar wanda za ka zauna a Birtaniya, da jerin kayan da za ka shigo da su, tare da bayanan babur: ƙirarsa, shekararsa, lambar shasi da lambar rajista. Idan an amince, za a ba ka wata lamba ta musamman wadda za ka miƙa wa ejan ɗin da zai fito maka da kaya daga kwastam. Wanda bai samu wannan amincewa ba zai biya harajin shigo da kaya, sannan ya biya harajin VAT na kashi 20 cikin 100, kuma ana lissafa wannan ne a kan darajar babur haɗe da kuɗin dako da harajin farko.

Maganar dako ba ta da sarƙaƙiya sosai. Daga Arewa babur zai bi tirela zuwa Legas, a saka shi cikin kwantena a Apapa ko Tin Can, sau da yawa tare da kayan wasu mutane, ya sauka a tasha irin su Felixstowe ko Tilbury ko Southampton. Kamfanonin dako suna ɗaukar babur a matsayin kaya mai haɗari, don haka za a ce ka zuƙe fetur daga tanki ka kuma cire wayoyin batir. Ka wanke shi tas, ka shafa wa sarƙa da sauran ƙarafa man giris saboda iskar teku mai gishiri, ka ɗauki hotonsa ta kowane ɓangare, ka kuma biya inshorar kayan da ke kan teku. Wuri ɗaya da ake yawan yin sakaci shi ne akwatin katako. Birtaniya tana bin ƙa'idar duniya mai suna ISPM 15, wadda ta wajabta a gasa katakon da ake ƙunshe kaya da shi, ko a turara shi da magani, don kashe ƙwari, a kuma buga masa hatimi. Akwatin da kafintan unguwa ya haɗa, komai ƙarfinsa, ana iya riƙe shi a tasha idan babu wannan hatimi, kuma kowace ranar da kaya suka kwana a can akwai kuɗin ajiya da ake ɗora maka. Takardun asali kuwa kada su shiga akwati, su kasance cikin jakar hannunka.

Da babur ya iso, kana da kwana 14 ka sanar da HMRC ta tsarin da ake kira NOVA. Galibi ejan ne yake yin wannan tare da takardar kwastam, amma alhakin a wuyanka yake, kuma ana cin tarar wanda ya makara, saboda haka ka nemi ya ba ka shaidar cewa an shigar kuma an kammala. DVLA ba za ta karɓi takardunka ba sai ta ga babur ɗin a cikin wannan tsari.

Daga nan shekarun babur ne za su nuna hanyar da za ka bi. Idan ya haura shekara 10 da ƙerawa, ba ya bukatar takardar amincewa da ƙira. Idan bai kai ba, kuma ba shi da shaidar cewa an ƙera shi bisa ƙa'idar Turai, sai an kai shi gwajin MSVA, wanda hukumar kula da ingancin direbobi da ababen hawa, DVSA, take yi wa kowane babur shi kaɗai, inda za a duba fitilu da birki da madubai da tayoyi da ƙarar salansa da hayaƙinsa. Da yake manyan baburan da ke yawo a Abuja da Legas da yawansu 'yan Beljiyam ne, wato an fara hawansu a Turai kafin su zo mana, yana da kyau ka rubuta wa kamfanin da ya ƙera naka, ka ba su lambar shasi, ka nemi takardar da ke nuna shekarar ƙira da kasuwar da aka yi shi dominta. Wannan takarda guda tana iya rage maka wahala mai yawa.

Abu biyu ne kusan kullum suke bukatar gyara. Mitar gudu dole ta iya nuna mil, domin da mil ake auna gudu a titunan Birtaniya, namu kuwa kilomita suke nunawa. Sai fitilar gaba. A can ta hannun hagu ake tuƙi, kamar yadda Najeriya ma take yi kafin ta koma hannun dama a watan Afrilun 1972, kuma fitilar da aka saita don hannun dama tana iya watsa haskenta cikin idon masu tahowa. Wasu fitilun haskensu a miƙe yake ba ya karkata ko'ina, waɗannan ba su da matsala, amma mai karkata dama sai an sauya ta. Bayan haka, duk babur da ya wuce shekara 3, in ba wanda ya haura shekara 40 ba, sai ya ci gwajin lafiyar abin hawa na shekara-shekara da ake kira MOT, wanda a cikinsa zanen taya bai kamata ya gaza milimita 1 ba. Kafin a kammala rajista, doka ba ta yarda ka hau shi a titi ba sai zuwa wurin gwajin da ka riga ka kama rana, shi ma sai da inshora, kuma ana yin inshorar wannan lokaci ne da lambar shasi tun da babu lambar rajista tukuna.

Rajistar kanta ana yin ta da fom V55/5, wanda ake aikawa ta gidan waya zuwa ofishin DVLA da ke Swansea, haɗe da kuɗin rajista fam 55, da kuɗin harajin hanya wanda girman inji ke ƙayyadewa, da shaidar MOT, da takardar amincewa idan ana bukatarta, da shaidar sunanka da adireshinka, da takardar rajista ta asali ta Najeriya. Wannan ta ƙarshen ba za a dawo maka da ita ba, don haka ka yi hotonta ka ajiye. Ana iya ɗaukar mako 6 kafin takardar mallaka ta Birtaniya, V5C, ta iso, kuma da ita za ka je wurin masu izinin buga lamba su yi maka farantin baya mai launin ɗorawa.

Wanda zai zauna a Landan yana da ƙarin lissafi. Tun daga 29 ga Agustan 2023 yankin taƙaita hayaƙi da ake kira ULEZ ya mamaye dukkan ƙananan hukumomin birnin, kuma babur da bai kai matakin hayaƙi na Euro 3 ba yana biyan fam 12.50 a duk ranar da ya fita. Baburan da aka sayar a Turai daga tsakiyar 2007 yawanci sun kai wannan mataki, amma wanda ya shigo daga waje sai ya kawo hujja, ko dai takarda daga kamfanin da ya ƙera shi, ko sakamakon gwajin hayaƙi. Tsohon babur da aka ɗauke wa gwajin MSVA saboda shekarunsa yana iya zuwa ya maƙale a nan, kuma ina ganin wannan kaɗai ya isa ya sa mai shirin zama a Landan ya sake tunani tun yana gida.

Saura kai mahayin. Lasin tuƙi na Najeriya yana aiki a Birtaniya na wata 12 daga ranar da ka zama mazauni, muddin yana ɗauke da rukunin A, wanda shi ne na babur, kuma da yawa daga cikin masu hawa a wurinmu lasin mota kawai suke da shi. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake musanya lasinsu kai tsaye, saboda haka kafin shekarar ta cika sai ka nemi lasin koyo, ka yi horon farko na CBT, ka ci jarrabawar ƙa'idojin hanya, sannan ka yi jarrabawar tuƙi mai kashi biyu, ɗaya a fili ɗaya a kan titi. Takardar CBT kaɗai ba ta wuce inji mai cc 125 ba, kuma ana shiga cikakken rukunin A kai tsaye ne daga shekara 24. Idan ka bari wata 12 suka ƙare ba ka gama ba, babban babur ɗin da ka sha ɗawainiyar kawowa zai zauna a rufe har sai ka ci jarrabawa, don haka ka nemi lasin koyo da zarar ka cancanta, ka kama ranar jarrabawa da wuri, ka kuma sayi hular kwano mai hatimin ƙa'idar da ƙasar ta amince da ita, domin babu hawa a can sai da ita.